Alawar salla da yaro mai ciwon sukari

Ranar salla ranar yara ce. Da an sauko daga idi sai su fita ƙungiya-ƙungiya cikin sabbin tufafi, su bi gida-gida suna cewa: "Barka da salla!" Wani ya ba su dala biyar, wani dala goma, wani ya damƙo alawa ya zuba musu a hannu. A wani gida a ba su dabino, a wani a ba su cincin ko alkaki ko nakiya. Kuɗin da suka samu ma yawancinsu wurin mai tebur suke ƙarewa, a sayi alawar madara da biskit da lemun kwalba. Kafin la'asar aljihu ya cika. Haka ake yi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, haka ake yi a ƙauyuka.

Cikin waɗannan yara akan sami wanda yake da ciwon sukari. Waɗansu iyaye, saboda tsoro, sai su tsare shi gida, yana jin kiɗa da hayaniyar ƴan'uwansa daga bayan danga. Waɗansu kuma sai su ce ai salla ce, a bar yaro ya sha abin da yake so. Duka biyun ba daidai ba ne. Yaron yana iya zuwa yawon salla, yana kuma iya shan alawa, amma da lissafi, da sanin lokaci.

Mi ne ne ciwon sukari?

Jikin mutum da sukari yake aiki, kamar yadda fitila take aiki da kananzir. Ba daga alawa kaɗai wannan sukari yake fitowa ba. Tuwo da fura da shinkafa da rogo da burodi, in sun shiga ciki, sai su narke su zama wani irin sukari mai suna gulukos. Jini ya ɗauke shi ya kai shi ko'ina cikin jiki.

To, amma sukarin ba ya shiga cikin tsoka shi kaɗai. Tamkar hatsi ne da aka kawo bakin rumbu, aka tarar rumbun a kulle. Mabuɗin shi ne wani abu da ake kira insulin. Wata gaɓa ce take yin sa, tana kwance bayan tumbi, likitoci suna kiranta pankireyas. In wannan gaɓa ta daina yin insulin, sai sukari ya taru cikin jini ya rasa wurin shiga. Jini ya cika da abinci, jiki kuwa yana jin yunwa. Ƙoda ta shiga fitar da sukarin cikin fitsari, sukarin kuma ya ja ruwa mai yawa ya fita da shi. Shi ya sa yaron yake yawan fitsari, har wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Yana shan ruwa ƙishirwa ba ta yankewa, yana cin abinci yana ramewa. Wani lokaci kiyashi yakan taru inda ya yi fitsari.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda ya fi kama tsofaffi da masu ƙiba shi ne iri na biyu, sau da yawa ƙwayoyin magani da gyaran abinci suna tare shi. Wanda ya fi kama yara shi ne iri na farko, shi kuwa sai da allurar insulin kullum. Ba a haɗiye insulin kamar ƙwaya, domin ciki zai narke shi kamar yadda yake narke nama.

Akwai maganganu da ake yi cikin gari waɗanda ba gaskiya ba ne. Ba yawan shan alawa ne ya sa wa yaron wannan ciwo ba, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Ba sammu ba ne. Ba a ɗaukarsa kamar mura ko ƙyanda: a ci akushi ɗaya da shi, a zauna benci ɗaya da shi, ba abin da zai faru.

A da, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa duniya. A shekarar 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting da wani ɗalibi mai suna Charles Best suka sami hanyar fitar da insulin daga jikin dabbobi. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa. Sunan yaron Leonard Thompson, ya rame ƙwarai, yana gab da mutuwa. Ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Saboda haka aka tsai da 14 ga watan Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ta zama ranar ciwon sukari ta duniya.

Sukari nawa ne cikin aljihu?

Ana auna sukarin jini da wata ƴar na'ura. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini kaɗan bisa tsinken awo, lamba ta fito. Mai lafiya, da safe kafin ya karya, sukarinsa yakan tsaya tsakanin giram 0,70 da giram 1,10 cikin litar jini ɗaya. Waɗansu na'urori suna rubuta 70 da 110, duk abu ɗaya ne. Ga yaro mai ciwon, abin da ake so shi ne ya wuni tsakanin 0,70 da 1,80.

Babban mutum jininsa kamar lita 5 ne. Ke nan duk sukarin da yake yawo cikin jininsa kamar giram 5 ne kawai. Giram 5 kuwa nauyin ƙwayar sukari ɗaya ne, irin wadda ake jefawa cikin shayi. Na yaro bai ma kai haka ba. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa abu kaɗan yake ɗaga lambar.

Da ƙwayar sukari za a riƙa gwada sauran kayan zaƙi. Alawar kanti mai tauri, wadda ake naɗewa cikin leda, kusan dukanta sukari ce, guda ɗaya kamar ƙwaya ɗaya ce. Busasshen dabino ƙarami, irin na Kawar ko na Ingal, shi ma kamar ƙwaya ɗaya ne. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da giram 35, watau ƙwaya 7.

Ga lissafi. Yaro ya samo alawa 12 da dabino 6, ya sayi gwangwanin lemu ɗaya. Alawa 12 giram 60 ke nan. Dabino 6 giram 30. Lemu giram 35. In an tara, giram 125 ne, watau ƙwayar sukari 25. Ba uwar da za ta ƙirga ƙwayar sukari 25 ta miƙa wa ɗanta ya tauna, ko da lafiyarsa lau. Amma cikin leda mai launi ba a ganin yawansa.

Mutane da yawa suna cewa zuma da dabino da rake da mazarƙwaila ba su cikin lissafi, tun da ba daga kanti suka fito ba. Abinci ne masu kyau, ba shakka. Sai dai jini bai san kanti ba. Zuma, kashi huɗu cikin biyar nata sukari ne, kuma tana ɗaga lambar kamar yadda alawa take yi. Shinkafar salla ma a sa ta cikin lissafi: dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ba jiki kamar giram 28 na sukari. Babban cokali ɗaya cike da ita ya yi kusan alawa guda.

Shiri kafin a fita

Shirin yana farawa tun kwanaki kafin salla. Uwa ko uba su kai yaron gidan likita, su tambaya yadda za a yi ranar. Irin insulin ɗin yara ba ɗaya ba ne. Wani ana yi masa allura sau biyu a rana, shi sai ya ci abinci kan lokaci, gwargwado ɗaya kullum. Wani ana yi masa kafin kowane cin abinci, likita ya koya wa iyayensa yadda za su daidaita allurar da abin da zai ci. Likita ne zai faɗi abin da ya dace da kowane yaro. Ba a ƙara insulin da ka don yaro ya sha alawa, ba a kuma aro shawarar maƙwabci.

Ranar salla da safe a yi awo, a yi allura, ya karya kumallo sosai. Kada ɗokin sabbin kaya ya sa a manta. A ba shi ƴar jaka da goran ruwa. Cikin aljihunsa a sa ƙwayar sukari uku a ƙulle cikin takarda, za a ji amfaninsu nan gaba. Kada ya fita shi kaɗai, sai da wa ko ya ko wani aboki wanda ya san ciwonsa.

Doka ɗaya ce za a ba shi: duk abin da aka ba ka, karɓa ka yi godiya, ka sa cikin jaka ka kawo gida. Wannan ya fi a ce masa kada ya karɓa. Ƙin kyauta ranar salla abin kunya ne, kuma yana sa yaro ya ji shi daban ne cikin ƴan'uwansa. In wata tsohuwa ta matsa ta ce: "Haba ɗan nan, sha mana a gabana!", sai ya ce: "Na gode, Inna, sai na je gida an yi mini awo." In kunu ne mai zaƙi ko zoɓo ko lemun hari aka miƙo, abin da ba ya shiga jaka, sai ya roƙi ruwa.

Kaka ce takan fi wuyar sha'ani. Ƙauna ce take sa ta tura wa jikanta alawa a ɓoye, tana ganin an takura shi. Ba faɗa za a yi da ita ba. A nuna mata abin da za ta ba shi hankalinta kwance: soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, dafaffen ƙwai, cuku, ko kuɗi, ko ɗan abin wasa. Waɗannan ba su ɗaga sukari sai kaɗan, nama da ƙwai ma ko kaɗan.

Rabon jaka

In an komo gida sai a shimfiɗa tabarma a zazzage jakar. Yaron da kansa zai ƙirga, uwarsa tana kallo. Ɗan aji uku ya isa yin wannan lissafi, kuma wanda ya saba ƙirgawa tun yana ƙarami shi zai iya kula da kansa in ya girma.

Alawa mai tauri, wadda ba mai cikinta, a ware ta gefe guda. Ita ce mai saurin shiga jini, saboda haka magani ce ranar da sukari ya faɗi. A zuba ta cikin gwangwani mai murfi saboda kiyashi. A ajiye kaɗan cikin jakar makaranta, a kai wa malam kaɗan ya ajiye cikin aji.

Alkaki da cincin da dubulan da kantu da tuwon madara da cakulan, waɗannan akwai mai cikinsu. Man yana sa sukarinsu ya shiga jini sannu-sannu, ya kuma daɗe. Su ne yaron zai zaɓi abin da ya fi so daga ciki, ya ci ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon yadda likita ya yarda. Lokacin da ya fi kyau shi ne a ƙarshen cin abinci, bayan tuwo da miya da nama, sa'ad da insulin yake aiki. In zai ci na ƙwaya biyu, sai a rage masa shinkafa kamar cokali biyu. Abin da ba a so shi ne tsakure: ɗaya yanzu, ɗaya an jima, tun safe har dare. Mai yin haka sukarinsa ba ya samun sauka.

Abin da ya ragu, in ya yi yawa, uba yana iya saye da kuɗi, ko a musanya masa da littafi ko ƙwallo, ko ya raba wa ƙannensa da hannunsa. Kada a ƙwace. Ya kamata kuma dokar ta hau kan dukan yaran gidan, kowa ya kawo jakarsa, kowa ya sha kaɗan-kaɗan. Ba daɗi a ce ɗaya yana kallo sauran suna tsotsa. Ko ba komi haƙoransu za su huta.

Kayan sha su ne suka fi ɓarna, domin ruwa ba ya tsayawa cikin tumbi, kuma ba a jin an ƙoshi. Zoɓo da kunu a ɗebe masa nasa kafin a zuba sukari.

Yaro yaro ne, wata rana zai sha a ɓoye. In awo ya tona shi, kada a buge shi. Yaron da ake bugu saboda lamba yakan koyi ɓoye lambar, wannan kuwa ya fi alawar haɗari. Abin da ake nema gare shi shi ne ya faɗi gaskiya: guda nawa ya sha, kuma yaushe. Kafin awo kuma a wanke hannu a share shi ya bushe. Yatsan da ya riƙe dabino ko alawa yakan sa na'ura ta nuna lamba mai yawa alhali jinin ba haka yake ba.

In sukari ya faɗi

Abin mamaki, ranar salla faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kawo haɗari. Yaro ya yi allura da safe, ya fita yana tafiya daga unguwa zuwa unguwa, ya tsaya kallon dawaki ƙofar sarki, ya yi guje-guje, lokacin abincin rana ya wuce bai sani ba. Tafiya tana cin sukari, insulin kuma yana ta aikinsa. Sai lambar ta sauka ƙasa da 0,70.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Jikinsa ya ɗauki rawa, zufa ta karyo masa, yunwa ta kama shi farat ɗaya, zuciyarsa ta riƙa bugawa. Wani kansa ya yi ciwo, ya riƙa gani dishi-dishi. Wani ya yi fushi ko kuka ba dalili, ko ya riƙa magana ba kan gado, ko ya riƙa tangaɗi. Sau da yawa abokinsa ne zai riga shi lura.

Nan take a zaunar da shi inuwa a ba shi sukarin nan na aljihu. Yaro mai nauyin kilo 30, ƙwaya biyu sun ishe shi. Babban yaro mai kilo 50 a ba shi uku. In akwai ruwa a narke su ciki ya sha, ya fi sauri. In ba ƙwayar sukari, a ba shi alawa mai tauri ya tauna, ko lemun kwalba kamar rabin kofi. Cakulan da alkaki ba su da amfani a nan, man cikinsu yana jinkirta su. A jira minti 15. In bai warware ba a ƙara masa irin na farko. In ya warware ya ci wani abu mai riƙe ciki, burodi ko biskit ko fura, a koma gida. In ba na'urar awo kusa kuma ana shakka, a ba shi sukarin. Ƙwaya biyu ba za su cuce shi ba ko da sukarinsa bai faɗi ba, jira kuwa yana iya kai shi ga suma.

In ya suma ko ya shiga fizge-fizge, kada a ɗura masa komi a baki, ruwa ko sukari, domin zai shaƙe. A kwantar da shi bisa gefensa, yaro ɗaya ya tsaya wurinsa, ɗaya ya ruga ya kira babba ya ce: "Ciwon sukari gare shi, yana allurar insulin!" A kai shi gidan likita mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.

Gajiyar yawo tana bin yaro har cikin dare, sukari yakan faɗi yana barci. Don haka daren salla a yi awo kafin ya kwanta. In lambar ta yi ƙasa a ba shi ɗan abinci.

In sukari ya hau

In ya sha fiye da ƙima, za a ga ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. A ba shi ruwa da yawa, a sake awo bayan awa biyu, a bi abin da likita ya tsara. Hawa na rana ɗaya yakan sauka. Babban kuskure shi ne barin allura, ko don hidima ta yi yawa, ko don an tafi gaida dangi wani gari an bar insulin gida, ko don yaron ya ce ba ya jin cin abinci. Jikinsa yana bukatar insulin ko bai ci komi ba. In aka ga amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashe shi sosai, wannan ba abin jiran safiya ba ne, sai asibiti.

In za a yi tafiya da insulin a kiyaye shi daga zafi. Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, saboda haka wata shekara cikin ɗari take zuwa, wata cikin bazara. Ba a barin kwalbar a rana ko cikin rufaffiyar mota. Inda akwai firijo a sa ta ciki, amma kada ta daskare. Inda babu, a sa ta cikin ƙaramin mazubi mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa inda iska take kaɗawa.

Sallolin biyu ba ɗaya suke ba. Ƙaramar salla tana zuwa bayan azumi, kuma yara sukan so su gwada azumi don su yi koyi da manya. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, marar lafiya kuma an yi masa rangwame. Mai allurar insulin kada ya gwada sai da yardar likita. Babbar salla ta fi masa sauƙi. Soyayyen nama da gasasshe ba sukari cikinsu, yana iya cin rabonsa tare da kowa. Sai dai nama shi kaɗai ba ya tare insulin. In ya cika ciki da nama ya ƙi tuwo, sukarinsa zai faɗi, don haka tuwonsa ko shinkafarsa na nan kan lokacinsu kamar kowace rana.